Ranar da Kawu Ƙaiƙayi Ya Je Kazaure

Malam Hambali da bakinsa yake ba da wannan labari, kuma ba ya rage wa kansa komai. In ka same shi da hantsi a bencin da 'yan fim suke zama a titin Gidan Zu, ka ce, "Baba, yaya aka ƙare a Kazaure?" sai ya tuɓe hula ya shafa sanƙonsa, ya ce a matso.

Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin a ƙasar nan cikin shekara talatin da suka wuce ya san fuskar Malam Hambali, ko da bai san sunansa ba. Shi ne Kawu Ƙaiƙayi, mugun kawun nan mai cinye gonar marayu. Sunan ya samo asali ne daga wani wasan mako-mako da aka yi a gidan talabijin tun yana saurayi. An daina wasan, an manta sauran waɗanda suka fito a ciki, amma shi sunan ya manne masa kamar ƙarangiya a bakin wando.

Shi kuwa ba mugu ya je nema ba. Lokacin yana ƙaramin akawu, ya ji ana neman wanda zai fito a saurayi mai farin jini, ya ɗinka sabuwar shadda, ya fesa turare, ya je ya shiga layi. Da aka zo kansa, darakta ya dube shi sama da ƙasa, ya tsaya a kan girarsa da ta haɗe wuri guda kamar an ja layi da gawayi. Ya ce, "Ɗan yi mana murmushin da za ka yi wa budurwa."

Hambali ya tattaro duk abin da Allah ya ba shi na fara'a ya zuba a fuska.

Darakta ya juya wajen mutanensa ya ce, "Alhamdulillahi, mun samu mugun. Saura saurayin."

Tun daga ranar bai sake fitowa a mutumin kirki ba. Da aka koma finafinan kaset ya bi, aka koma faifai ya bi, aka koma masu dogon zango da ake kallo a waya, nan ma yana nan. Ya cinye gonakin marayu sun fi a ƙirga, ya sayar da gidajen zawarawa suna ciki, ya yi sintiri wajen boka har tabarmar bokan ta san shi. Ƙarshensa kuma bai taɓa kyau ba. In bai haukace ba ya makance, in bai makance ba maciji ya sare shi a cikin gonar da ya ƙwace. Sau biyu tsawa tana faɗo masa. Fim ɗaya ne ya tsira da lafiyarsa, shi ma don mai fim ɗin ya yi fushi da darakta ne aka watse ba a gama ba.

Kowace shekara ana taro a raba wa 'yan wasa kyaututtuka, kowace shekara Malam Hambali yana sa babbar riga ya je ya tafa wa wasu. Bai taɓa nuna ya damu ba. Cewa yake yi tasa kyautar a titi ake ba shi: tsakin da mata suke ja in ya wuce, da hararar da ake binsa da ita a layin asibiti. Babbar lambar girmansa ita ce marin da wani bawan Allah ya taɓa kwaɗa masa a tashar mota. Ya fi shekara goma yana ba da labarin marin nan, yana cewa, "Ɗan wasan da bai kai a mare shi ba, bai fara ba." Matarsa Uwani, wadda tana wurin aka yi, ta ce ƙafar mutumin ya taka, kuma mutumin ko talabijin ba shi da ita. Amma ba a gaban baƙi take faɗa ba.

To, ana nan sai ɗansa na fari, Nafi'u, malamin lissafi a wata makarantar sakandare, ya ga yarinya. Sunanta Mardiyya, ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kazaure. Iyayenta sun rasu tun tana ƙarama, kakarta ta wajen uba, Hajiya Yalwa, ita ta rene ta. Yara suka daidaita, magana ta zo gaban manya. Kamar yadda aka saba, Malam Hambali bai je da kansa ba, ya tura yayansa Alhaji Ɗahiru da wasu dattawa biyu, da goro da alewa.

Da la'asar Alhaji Ɗahiru ya dawo, ya zauna a tsakar gida, ya sha ruwa, ya daɗe yana goge baki.

Malam Hambali ya ce, "Yaya, lafiya dai?"

"Lafiya lau. An karɓe mu hannu biyu. Baffan yarinyar, Malam Isiyaku, mutumin kirki ne, shi ba shi da ja. Amma ya ce magana tana hannun tsohuwa, ita kuma ta ce ba za ta ce komai ba sai ta ga uban yaro ido da ido."

"Ni?"

"Kai. Ya ce tsohuwar ba ta da abin so irin kallon fim. Ta san ka sarai."

Malam Hambali yana cewa, don kada ya yi wa Allah ƙarya, abin da ya fara ji a ransa a lokacin daɗi ne. Ya gyara zama ya dubi Uwani ya ce, "Kin gani ko? Abin da nake faɗa muku ke nan kullum. Aiki in ya yi kyau da yawa, har matsala yake zama. Tsohuwa tana can Kazaure tana tsorona."

Sai ya waiwaya ya ga Nafi'u a bakin ƙofar ɗaki, tsugune, kansa a ƙasa. Yaron ba mai yawan magana ba ne, kuma tsakaninsa da ubansa akwai kunyar ɗan fari, Malam Hambali ko sunan yaron ba ya kira. Nafi'u ya ɗago a hankali ya ce, "Baba, marainiya ce fa."

Nan daɗin ya gudu. Malam Hambali ya tuna lokacin da yaron nan yake firamare, yana dawowa da riga a yage saboda an kira shi ɗan Ƙaiƙayi, bai taɓa kawo ƙara ba, sai dai ya wuce ɗaki ya nemi allura. Shekara talatin yana cin abinci da wannan fuska, ya ciyar da gida da ita, bai taɓa tsayawa ya tambayi abin da ta ci wa yaron ba. Ga shi yanzu za ta ci masa mata. Wace kaka ce za ta ɗauki marainiyar da ta rena da hannunta ta kai gidan mutumin da ta ga ya kori marayu cikin ruwan sama sau ba adadi?

Uwani ta ce, "Malam, ka je ka gaishe ta kamar kowa, ka amsa abin da ta tambaye ka, ka dawo. Ba wani abu ba ne."

Ya ce, "Ke ba ki san masu kallo ba. Wannan matar da Kawu Ƙaiƙayi a kanta take kwana take tashi. In na je mata a Hambali, ba za ta gan ni ba, shi za ta gani. Sai an fitar da shi da abin da ya fi shi ƙarfi."

"Wane abu?"

"Aiki."

Ya sayi littafin rubutu mai layi, ya zauna ya tsara wa kansa jawabi shafi huɗu, irin wanda ya daɗe yana jin ana ba wasu suna faɗa shi yana gefe yana muzurai. Kwana uku yana bita gaban madubin Uwani. Ya auna inda zai sunkuyar da kai, da inda murya za ta karye, da inda zai ɗaga hannu sama ya bar shi ya faɗo a kan gwiwa. Ya je wajen wanzami aka buɗe masa hanya a tsakiyar gira, ta rabu biyu karo na farko tun haihuwarsa. Da ya dawo Uwani ta dube shi ta ce yanzu ya zama kamar mugaye biyu. Ya aro rawani, ta ce in ya naɗa shi ba da ita ba, ya mayar.

Abu ɗaya ya gagare shi, shi ne hawaye. A shafi na uku ya rubuta wa kansa cewa a nan zai yi kuka, amma ya matsa ya matsa, ido ya ƙi. Ba laifinsa ba ne. A duk rayuwarsa ta fim shi ne mai sa kuka, wasu ne masu yi. Sai dai ya sha ganin dabarar da 'yan mata suke yi kafin a kunna kyamara: su lakato man zafi, irin wanda ake shafa wa mai mura a ƙirji, su ɗan goga a ƙasan ido. Ya sayi ƙaramin gwangwani ya jefa a aljihu. Abin da bai taɓa tambaya ba shi ne yawan da ake lakatowa.

Ranar Asabar da safe suka kama hanya a motar Alhaji Ɗahiru. Malam Hambali ya sha farar riga, farar hula, ga carbi mai dubu a hannu. Tun daga Dawanau yake motsa baki. Da suka wuce Ɗambatta, yayan ya gaji ya ce, "Hambali, wuridi kake yi ko hadda?"

"Shiri nake yi, Yaya."

"To ni dai shawarata, ka yi gaisuwa, ka yi shiru. Duk abin da ya wuce minti biyu, kai ka jawo."

Suka isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Kafin su gama fitowa daga mota labari ya zaga unguwa. Mata suna leƙe ta saman katanga, masu wucewa suna rage tafiya. Wani dattijo da ke zaune a inuwar masallaci ya sa hannu ya kare rana, ya ƙura masa ido, ya ce, "Ikon Allah. Ashe kana nan? Ni na ga tsawa ta gama da kai."

Malam Hambali ya ce, "Da sauran kwana, Baba." Ya raɗa wa yayansa, "Ka ji ko? Haka garin yake gaba ɗaya."

Malam Isiyaku ya tarbe su a zaure, aka gaisa, aka sha ruwa, sannan ya yi musu jagora zuwa cikin gida. Ɗakin Hajiya Yalwa a share yake tas, yana ƙamshin turaren wuta. Tana zaune a kan darduma ta jingina da gado, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta haura tamanin, da tabarau mai kauri a kan hanci. A kusurwa ga talabijin an lulluɓe ta da kyalle mai ado. Malam Hambali ya dubi talabijin ɗin nan kamar mai laifi ya ga shaida a kotu.

Suka durƙusa suka gaishe ta. Ta amsa a natse, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali. Sannan ta gyara tabarau ta dube shi, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Me ya sami girarka?"

Ya ce, "Wanzami ne, Hajiya."

"Allah ya saka maka."

Alhaji Ɗahiru ya yi tari. Malam Hambali ya ga in bai fara yanzu ba, ba zai fara ba. Ya sunkuyar da kai daidai yadda ya auna, ya sassauta murya, ya ɗauko shafi na ɗaya.

Ya ce shi bawan Allah ne mai rauni wanda ƙaddara ta jefa cikin sana'ar da zuciyarsa ba ta so. Ya ce duk ranar da aka sa shi ya daka wa maraya tsawa a gaban kyamara, in ya koma gida ba ya iya cin abinci. Alhaji Ɗahiru, wanda ya san yadda ƙaninsa yake yi da malmala uku in ya dawo daga aiki, ya mayar da idonsa kan rufin ɗaki. Malam Hambali ya shiga shafi na biyu. Ya ce ya daɗe da niyyar barin fim ya koma noma da karatu. Ya ɗaga hannu sama, ya bar shi ya faɗo a kan gwiwa, carbi ya yi ƙara. Tsohuwa dai ta tallafe haɓa tana kallo, irin kallon da ake yi wa talabijin.

Ya iso shafi na uku. Ya zura hannu a aljihu kamar mai neman hankici, ya buɗe gwangwani da babban yatsa, ya lakato abin da ya ji ya isa, ya kai hannu fuska kamar wanda abin duniya ya dama, ya shafe idanu biyu.

Yana cewa da farko sanyi ya ji, har ya ce a ransa ashe abin ba wuya. Bai kai ga kalma ta gaba ba wuta ta kama. Ji ya yi kamar an zuba masa dakakken barkono an bi da garwashi. Idanu suka rufe gam, hawaye suka ɓalle, hanci ya biyo baya. Ya buɗe baki zai ce "marayu" sai atishawa ta fito. Ya kai hannu zai share, ya manta hannun ne mai man, ya ƙara wani a kan na da. Ƙamshin turaren wuta ya ɓace, ɗaki ya ɗauki warin ɗakin mai mura. Malam Isiyaku, da ke zaune nesa da shi, shi ma idonsa ya fara ruwa.

Cikin duhun da yake ciki ya ji muryar tsohuwa, ba ta ɗaga ba, ba ta sauya ba.

"Isiyaku, miƙo masa buta da sabulu. Hannun zai fara wankewa kafin idon."

Aka ja shi bakin ƙofa kamar makaho, ya tsuguna a gaban mutanen gida, ya wanke hannu, ya yi ta watsa ruwa a fuska. Farar riga ta jiƙe har ciki. Da ya dawo ya zauna, idanunsa sun yi jawur sun kumbura, yana ganin mutane biyu-biyu. Shafi na uku da na huɗu sun bi ruwa, ko kalma ɗaya bai iya tunawa ba.

Hajiya Yalwa ta ce, "Ka gama?"

Ya ce, "Na gama, Hajiya. Ki yafe mini. Man zafi ne."

"Na ji warinsa tun kana zaure. To yanzu ni zan yi tambaya. Yaron nan naka, mene ne aibinsa?"

Bai shirya wa wannan ba. Ya juya wajen yayansa, yayan ya kawar da kai. Kuma ga kunya, mutum bai saba zama ya yi zancen ɗansa na fari a gaban mutane ba. Amma ido yana zafi, rigar tana ɗiga, ba shi da sauran ƙarfin ƙirƙira. Sai ya ji bakinsa yana magana da muryar da yake tambayar Uwani ina ta ajiye masa silifa.

Ya ce, "Yana da taurin kai, Hajiya. In ya ce a'a, sai dai a haƙura. In ya yi fushi ba ya zagi, ba ya duka, amma zai yi shiru kwana biyu, shirun da ya fi zagi ciwo. Ba ya zuwa wuri a kan lokaci. Kuma ba ya faɗin abin da ke damunsa, sai dai a gani a jikinsa."

"Sai me?"

"Shi ke nan wanda na sani. Sauran kuma..." Ya ɗan tsaya. "Shekara biyu da suka wuce mahaifiyarsa ta karye a ƙugu. Wata uku tana kwance. Shi yake ɗaga ta, shi yake wanke mata kaya da hannunsa kafin ya tafi makaranta, ga ƙannensa mata a gidan ya hana su. Ban taɓa ce masa ya kyauta ba. Ban san yadda ake faɗa ba."

Tsohuwa ta gyaɗa kai. "Kai fa?"

"Ni ba ni da gona, Hajiya, balle in ci ta wani. Tumatir na taɓa shukawa a bokiti, ya mutu. Fim kuma ba zan bari ba, ƙarya na yi ɗazu, ban iya komai ba sai shi. Abinci ma ina ci sosai. Abin da zan iya cewa, in kin ba mu yarinyar nan, ba zan ce ba za su saɓa ba. Amma ranar da ta kawo ƙara, ita zan fara saurara kafin shi, kuma ba za ta tsaya a zaure tana jiran a yi mata iso ba."

Hajiya Yalwa ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

Ta ce, "Ubanta ɗana ne. Tana shekara huɗu ya rasu, uwar ta bi shi ba a rufa shekara ba. A kan gadon nan ta girma. Ni kuma ka gan ni, yau ne ko gobe. Yaron na gan shi, ya zo ya gaishe ni sau uku, na yaba da shi. Abin da ban gani ba shi ne wanda za ta kira Baba in ba na nan. Shi ya sa na ce ka zo." Ta juya wajen Malam Isiyaku. "Ku je zaure ku tsayar da rana. Kada ku kai ta cikin damina, hanyarmu ba ta da kyau."

Malam Hambali yana cewa a nan ne hawayen gaske suka zo, amma da yake idon ya riga ya lalace, ba wanda ya lura da bambanci. Aka shafa fatiha. Alhaji Ɗahiru ya yi godiya a taƙaice, ya miƙe, ya ɗan taka ƙafar ƙaninsa alamar a tafi tun ana ganin mutuncin juna.

Da ya bi shawarar ƙafar nan, da labarin ya ƙare lafiya. Amma hankali ya kwanta, zafin ido ya fara sauka, kuma ɗan wasa ɗan wasa ne. Ga mai kallo ta shekara talatin a gabansa, wadda ta san aikinsa tun daga farko, zai tafi bai ji ko kalma ɗaya a kan aikin ba? Ya kai bakin ƙofa, ya sa takalmi ɗaya, sai ya juyo ya sake durƙusawa.

Ya ce, "Hajiya, ni fa na zo ne a tsorace. Na ɗauka saboda Kawu Ƙaiƙayi za ki hana mu."

Ta ce, "An so in hana."

"Ai na sani. Ba laifin mutane ba ne. In mutum ya shiga cikin wasa yadda nake shiga, da wuya mai kallo ya raba shi da abin da ya gani. Har marina an taɓa yi."

"Ba wannan suka ce ba. 'Yan'uwa ne suka taru a ɗakin nan, suka ce kada in kuskura in kai marainiya gidan wanda ya iya kwaikwayo, don ba a gane gaskiyarsa da ƙaryarsa."

Malam Hambali ya gyara wuyan jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya ɗan yi murmushi. "Allah sarki. To me kika ce musu, Hajiya?"

"Na ce su kwantar da hankalinsu. Shekara talatin ina kallonka, ba ka iya ba."